Rasuwar Sabulun Askin Baba na Ƙarshe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da tsofaffin da mahaifina ya taɓa yi wa aski in akwai waɗanda suka rage, rasuwar sabulun askinsa na ƙarshe. An same shi ranar Alhamis da hantsi, a cikin gwangwaninsa, a cikin leda, a ƙasan akwatina, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san yana yi. Ni na buɗe murfin na gan shi. Ni ne kuma na rufe murfin tun farko, kuma zan zo kan wannan, don ban zauna rubuta takardar nan domin in wanke kaina ba.

Ban buɗe da kalmomin da ake buɗe wa mamatan mutane ba. Karatuna na kan benci ne, a shagon da nake gyaran keken ɗinki, tsakanin wannan keke da wancan, amma na san iyakata: sabulu dai sabulu ne. Wanda dariya ta kama ya yi abinsa, matata ta riga shi. Sai dai in ya gama, ina roƙo ya karanta har ƙasa.

Marigayin ya rasu yana da shekara goma sha huɗu, goma a naɗe cikin takarda, huɗu a bakin aiki. Su shida ne a hannun wanda ya yi su, wani tsoho da ke dafa sabulu a bayan gidansa yana kai wa masu aski, wanda ya mutu bai koya wa kowa ba, bai kuma rubuta komai ba. Ranar da Baba ya rufe shagonsa, bayan shekara arba'in da ɗaya yana tsaye a bayan kawunan mutane, ya bar madubi da kujera ga wanda ya gaje shi. Sabulan nan shida ya rungumo, da buroshinsa da askarsa. Biyar sun yi rayuwarsu yadda ya kamata. Sun yi kumfa, sun ƙanƙance, sun ƙare a fuskar mai su. Babu wanda ya rubuta musu sanarwa, don babu abin kuka a tafiyar wanda ya ƙare yana aikinsa.

Waɗanda suka san marigayin za su shaida shi mai kamun kai ne. Ba shi da suna a jiki, ba shi da hoto, ba a buga masa ranar cikar wa'adi a gindi ba irin na 'ya'yan zamani. Launinsa na madarar da ta sha wuta kaɗan, taurinsa kamar dutse. Ba ya ba da kumfa ga mai gaggawa. Amma in ka jiƙa buroshi da ruwan ɗumi ka bi shi da haƙuri, sai ya ba ka kumfa mai kauri wadda za ta zauna a kunci ta jira ka har ka gama ɗaya ɓangaren. Ƙamshinsa kuwa na sha ƙoƙarin faɗa wa mutane na kasa. Akwai ɓawon lemo a ciki, akwai jiƙaƙƙen katako, akwai wani abu kamar cikin tsohuwar durowa da aka daɗe ba a ja ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Murfinsa ya ce ƙwas. Buroshi ya hau shi, shaf, shaf, shaf, har kumfa ta kama muryar ta yi nauyi ta koma caɓ, caɓ. In ɗaki ya yi tsit ka kara kunne, za ka ji wani ɗan raɗa, tsss, na ƙananan kumfa suna fashewa. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan cikin shekara huɗu.

Babban alherinsa kuwa, wanda dominsa nake wannan rubutu, shi ne yakan dawo mana da Baba.

Shekara biyar ke nan da hankalin Baba ya fara tafiya. Da makulli ya fara, sai hanyar gida, sai sunaye. Bai zama mafaɗaci ba, ladabinsa ma ƙaruwa ya yi. In na shiga ɗakinsa da safe da ruwan wanka, sai ya gyara zama ya ce, "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?" Ni ne autansa, a ɗakin da ke jikin nasa nake kwana da iyalina.

Da hannunsa ya fara rawa na karɓe askin, ina yi masa da kumfar gwangwani irin ta feshi. Wata safiya na danna, ta yi fuuu, iska kawai. Na shiga bincike a durowarsa ko zan sami wani abu, sai na ci karo da marigayin a naɗe. Na warware shi, na sa a tsohon gwangwanin 'yan'uwansa, na kaɗa kumfa yadda na ga ana yi, na shafa wa Baba a kunci. Sai na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗago ido ya dube ni, dubawa ta gaske, ya ce, "Auta, ruwanka ya yi yawa. Sau nawa zan gaya maka? Yarfe buroshin nan."

Wata bakwai rabon da ya kira ni haka. Ina da shekara arba'in da takwas a lokacin, da furfura a gemu, na tsaya ruwa na ɗiga daga buroshi a kan ƙafata.

Minti goma yakan yi, wani lokaci sha biyar. A cikinsu ya san kowa da ke ɗakin. Ya tambayi labarin Yaya, babbar 'yarsa, da 'ya'yanta, ya tambaya ko an gyara rufin da ke yoyo, ya tsokani matata cewa har yanzu ba ta iya haɗa shayi ba. In an wanke fuska ƙamshin ya bi ruwa, sai idon ya fara nisa a hankali, har ya shafa haɓa ya ce, "Na gode, bawan Allah. Hannunka da laushi." Na tambayi likita, ya ce ƙamshi yana da tasa hanyar zuwa inda tunani yake, amma kada in ɗora rai a kai. Na ɗora.

A nan ciwon marigayin ya samo asali, kuma ba a jikinsa ya fara ba, a kaina ya fara. Shekarar farko sau uku nake yi wa Baba aski a mako. Sai wata rana na lura tsakiyar sabulun ta yi rami. Na ɗauki tsinken ashana na auna zurfin abin da ya rage, na yi masa tsaga da reza, na riƙa aunawa duk wata ina ƙara tsaga. Na zaga shaguna ina sunsunar sabulai har masu shago suka fara kallona da gefen ido. Iri tara na kawo gida. Kowanne na shafa masa, Baba ya gode wa bawan Allah. Na gwada kai masa gwangwanin kusa da hanci kawai ba tare da na taɓa sabulun ba, ya kau da kai. Abin ba ya zuwa sai aikin ya cika: ruwan ɗumi, da ƙarar buroshi, da kumfa a kan fuska.

Saboda haka na fara tsimi. Na mayar da shi sau ɗaya a mako, sauran ranaku kumfar feshi. Daga baya sau biyu a wata. Daga baya farkon kowane wata kawai.

Sannan na yi abin da ya kashe shi. Ƙa'idar Baba ce, ta duk tsawon sana'arsa, ba a rufe sabulu da ruwa a jiki. Ana barinsa a bakin taga ya bushe tukuna. Duk ranar da hankalinsa ya dawo sai ya faɗa: "Kada ka rufe shi, Auta. Bar shi a taga ya sha iska." Ni kuwa na lura in an bar shi a taga ɗakin yakan wuni yana ƙamshi, sai na yi lissafi irin nawa na mai karatun benci, cewa duk ƙamshin da ke cikin ɗaki ƙamshi ne da ya bar jikin sabulu, ba zai koma ba. Don haka sai in ce, "To, Baba." In tsaya ina goge kayan aiki, ina jan lokaci, har idonsa ya yi nisa ya kira ni bawan Allah. Sannan in danna murfi a kan jiƙaƙƙen sabulu, in naɗe a leda, in kai ƙasan akwati. Wato jira nake ubana ya manta ni, sannan in saɓa masa. Shekara biyu ina haka.

Akwai wadda ta ga ciwon kafin ni, ita ce Yaya, babbar 'yar Baba, da ke aure a gari mai nisa. Wata biyar da suka wuce ta zo, bayan ta wuni a mota. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Ta fito ta same ni a shago ina gyaran kan wani keke.

"Auta, tashi ka ɗauko sabulun nan ka yi masa aski."

"Yaya, ai ba ranarsa ba ce. Makon jiya na yi masa. Sai farkon wata."

"Ranar wa? Na baro aikina da 'ya'yana, dubi ƙafata yadda ta kumbura, ka ce min ba ranarsa ba ce? Kai ɗansa ne ko mai gadin kurkuku?"

Na ciro tsinken ashanar daga aljihu na nuna mata tsagogin, na fara yi mata bayanin yadda in aka bi a hankali zai kai mu shekara uku nan gaba. Ta karɓa ta juya shi a hannu.

"Ikon Allah. Ashana." Ta miƙo min. "Auta, gaya min gaskiya, Baba kake jinya ko sabulu?"

Kwana uku ta yi. Ranar tafiyarta ya ɗaga mata hannu daga kujera kamar yadda ake yi wa mai wucewa a titi. Tun daga ranar ba ta sake kiran wayata ba, sai ta matata.

Alamun ajali sun bayyana, ni ne na ƙi karanta su. Wasu ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa suka fito masa, na ce tsufa ne. Samansa ya yi taushi yana manne wa yatsa. Kumfar ta yi ruwa-ruwa, tana mutuwa tun ban kai haɓa ba. A aski biyu na ƙarshe Baba bai fi minti uku tare da mu ba. Maimakon in gane, sai na ce ƙila na matsa wa sabulun, bari in ba shi hutun wata biyu. Ranar Alhamis ɗin da na faɗa na ciro shi. Murfin bai ce ƙwas ba, wani ɓus ya yi mara ƙarfi. Fumfuna ta rufe shi, toka-toka da kore, ga wari irin na tsumman da ya daɗe da shan mai.

Na kai shi wurin mai kemis na bakin layinmu, ya leƙa ya ja da baya.

"Malam, wannan ai gawa ka kawo min."

Ya ce irin wannan mai taurin yakan yi shekaru masu yawa in dai a bushe yake, ƙamshi ne ke fara raguwa amma aiki yana nan. Man aski na cikin bututu ba ya kaiwa haka, in an buɗe shi aka daɗe sai ya tsinke, ruwa daban mai daban. Na feshi kuma iskarsa ke guduwa ta bar shi. "Amma babu wanda ke jure a kulle shi a jiƙe a cikin duhu. Wa ya yi masa haka?"

Na ce ni ne.

"Don me?"

"Don kada ya ƙare."

Ya ɗauko ƙaramar wuƙa ya dinga fere shi a kan takarda, sama da gefe da ƙasa, har ya kai ga wata 'yar tsakiya mai tauri, ba ta fi gaɓar babban yatsa ba. Na sunsuna. Ƙamshin yana nan, can ƙasa, kamar muryar mutum daga ɗaki na uku. Mai kemis ya riƙe min hannu ya ce, "Kada ka sa wa tsoho wannan. Fatarsa ta yi sirara, ga ciwon suga. Ɗan yanka kaɗan in ya kama, sai gadon asibiti. Ka ji ni?" Na ce na ji.

Ranar da marigayin ya cika, tsinken ashana ya nuna saura aski talatin da huɗu. Safiya talatin da huɗu da ubana zai san sunana, ina riƙe da su a ƙasan akwati, suka ruɓe a can. Na yi ta juya abin ina neman inda laifina ya tsaya. Da na ci gaba da sau uku a mako, da tuni ya ƙare shekara biyu baya, kuma a cikin shekara biyun nan tsimina ya ba mu safiya ashirin da wani abu da ba za mu samu ba. To tsimin ba duka ne kuskure ba. Amma safiyoyin na waye? Ni na tsince su a durowa, ba ni na saye su ba. Da wane iko na hana Yaya ɗaya tak?

Akwai tambayar da ta fi wannan ci min rai. Baba ba ya shan wahalar rashin sanina, don bai san bai san ni ba. Yana zaune lafiya cikin baƙi masu kirki da ke kawo masa abinci. Ni ke shan wahalar. Wata rana ma, a tsakiyar aski, ya ɗaga hannuwansa ya ƙura musu ido ya ce, "Auta, yaushe na tsufa haka?" Na ga tsoro a fuskarsa, tsoron da ba ya zuwa masa a sauran ranaku. To domin shi nake tashinsa, ko domin in ji an kira ni Auta? Na duba littattafan da nake da su, babu wanda ya yi maganar sabulu.

Marigayin ya rasu ya bar buroshi ɗaya, abokin aikinsa, wanda rabin gashinsa ya zube. Ya bar aska, da ta daɗe da ritaya tunda ni reza na iya riƙewa. Ya bar gwangwani, da ƙaramin tawul mai bakin shuɗi, da dangi na nesa su tara a durowa, waɗanda babu wanda ya gaji halinsa. Ya kuma bar tsoho ɗaya mai shekara tamanin da uku, wanda har yanzu bai san an yi rasuwa ba.

Kwana tara na yi da 'yar tsakiyar nan a kan faranti, ban yi aski ba, ban gyara keke ko ɗaya da kyau ba. Kumfa ɗaya za ta yi, ba ƙari. In na shafa wa Baba, na sa lafiyarsa a haɗari don biyan bukatata, shi kuwa ba ya cikin halin da zai ce ya yarda. In na ajiye ta, na koma gidan jiya. Ina cikin yi wa matata wannan bayani karo na uku tana wanke kofuna, sai ta juyo da kumfa a hannu.

"Baban yara, ni fa ka fara sa min ciwon kai. Fuskar Baba ce kaɗai fuska a gidan nan? Dubi gemun da ka tara kamar wanda ya ɓata a daji. Mutumin nan shekara arba'in yana shafa wa wasu, kai kullum shi kake zaunarwa. Zauna kai, ka ba shi buroshinsa."

Ta juya ta ci gaba da ɗauraya. Na koma wurin mai kemis, ya ce in dai ba za a kai reza ba, mafi muni ƙaiƙayi da ƙuraje. "Fuskarka ce, Malam."

Sai na kira Yaya. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

"Yaya, sabulun ya mutu."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Ashanar dai tana nan lafiya?"

Na haɗiye, don na cancanta. Na gaya mata komai, har da murfin, har da ledar. Na ji numfashinta ya canza.

"Wace rana za ka yi?"

"Ranar da kika zaɓa, Yaya."

"Asabar," ta ce, ta kashe wayar kafin in ji sauran.

Saboda haka za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe, a ɗakin Baba, lokacin da ya karya kumallo jikinsa ya saki. Ni zan zauna a kujera da tawul a wuya. Za a miƙa wa Baba buroshi da ruwan ɗumi. Ba za a ba shi aska ba, ko da ya nema. Za a kaɗa marigayin gaba ɗaya, ba za a rage ko ƙwayar da za ta sa ni sake lissafi ba. Yaya za ta tsaya ta hannun damansa, inda idonsa ya fi gani.

Ɗakin ƙarami ne, 'yan gida ne kawai za su shiga, sauran masu ta'aziyya su dakata a tsakar gida. Ana roƙon kowa kada ya shafa turare, don muryar marigayin ta yi ƙasa sosai, abu kaɗan zai danne ta. Kada a kawo sabon sabulu, muna da tara. Kada kuma wani ya ce, "Baba, ka gane ni?" Tambayar tana ba shi kunya.

Ban san ko zai zo ba. Ƙila ƙamshin ya yi rauni, ƙila hannun ya manta hanya. In ya zo, mintin farko na Yaya ne, har ta gama, ni bakina yana cikin kumfa. In kuwa bai zo ba, a bar shi ya ƙarasa aikinsa a tsanake, mai aski ne baƙo ya shigo masa. In ya gama ya dafa kafaɗata ya kira ni bawan Allah, kada kowa ya gyara masa. Zan amsa.

Mai sanarwa, a madadin 'yan gida: Auta.